Ƙyandar da Ta Hana Ni Shiga Jirgi

Sunana Ruƙayyatu, amma babu mai kirana da shi. Baba, Yelwa yake ce mini. Dangin Mama kuwa Obiageli suka sa mini da rikici ya ɓarke, kuma har yau da shi aka san ni a makaranta da kasuwa. Shekarata goma sha bakwai. Na faɗa muku tun farko ne don kada ku rikice in kun ji ana kiran mutum ɗaya da suna biyu.

Na san wasunku labarin Malam Ya'u kawai suke jira. Ku yi haƙuri, za mu kai gare shi. Sai kun san gidan da na fito sannan za ku gane abin da ya kawo shi ƙofarmu.

A Coal Camp aka haife ni, cikin Inugu. Gidan haya ne dogo, ɗakuna takwas suna kallon juna, famfo ɗaya, madafa ɗaya. Ɗakuna biyar na Hausawa ne. Babana, Malam Kallamu, mutumin Nguru, mahauci ne a kasuwar Ogbete. Mamana Ibo ce, daga wani ƙauye can bayan Awgu. Sunanta na gida Ukamaka, da ta musulunta Baba ya sa mata Sa'a. Ƙosai take soyawa a bakin titi. Ina da ƙane ɗaya, Idrisu, na ba shi shekara biyar.

A ɗakinmu harshe uku ake yi. Baba ya yi tambaya da Hausa, Mama ta amsa da Ibo, mu yara mu yi faɗa da Turancin kasuwa. Kullum da la'asar Baba zai shigo da ƙunshin nama a takardar siminti, ya kwance a kan faranti, ya ce mini, "Yelwa, mene ne wannan?" In na ce tozo ko ƙoda ko saifa na faɗa daidai, yankana ya fi na Idrisu girma. Wannan shi ne karatun da na fara iyawa a duniya.

Ina shekara goma sha ɗaya aka yi rikicin nan na alif ɗari tara da sittin da shida. Jiragen ƙasa suka riƙa shigowa daga Arewa cike da Ibo, wasu da rauni, wasu a kwance an rufe su da zani. Mama ta je tasha neman wata 'yar ƙanwar babanta. Da ta dawo ba ta ci abinci ba, ta zauna a bakin gado tana kallon bango. Baba ya daina zuwa kasuwa. An ƙona wa maƙwabcinmu rumfa, an kashe wasu 'yan Arewa a bakin tashar mota. Sai rediyo ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ne ya tattara ya koma garinsu.

A satin ne ƙyanda ta kama ni. Jikina duk ƙuraje, idona ya liƙe, ko ruwa sai da cokali.

Da safen ranar tafiya ina kwance a tabarma ina jin Baba da Mama.

"Sa'a, ki ɗaure kayanki. Sojoji za su raka mu har tasha."

"In je ina? In je inda aka yanka mutanena jiya?"

"Matata ce ke. Wa zai taɓa ki a Nguru?"

"Kafin Nguru fa? Tasha nawa ce a hanya? Bakina kaɗai ya ishe su su gane ni."

Baba ya ce, "To zan tafi da yaran."

"Dubi yarinyar nan, Malam. Kwana uku a tarago, mutum a kan mutum. Gawa za ka kai wa danginka."

Ya tsuguna ya taɓa goshina. Hannunsa sanyi ƙalau. Yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora wata a kanta saboda akwati ya cika. Ya ce, "Yelwa, kina jina? Wata uku. Da ƙura ta lafa zan dawo." Na gyaɗa kai. Ban iya buɗe ido na gan shi da kyau ba. Idrisu na jiyo yana kuka yana kiran Mama da Ibo, har muryarsa ta ɓace a lungu.

Haka aka raba mu kamar tsagin goro, namiji ya bi uba, mace ta bi uwa. Babu wanda ya zaɓa, ƙyanda ce ta yi rabon.

Da na warke, yayan Mama, Kawu Ejike, ya zo daga ƙauye. Ya zaunar da ni a kan turmi ya ce daga yau sunana Obiageli, ubana Ibo ne ɗan Nsukka da ya mutu a ramin kwal. Ya ce in na kuskura na yi Hausa a waje, ni da uwata za mu kwana a kwata. Mama ta cire mayafi ta ninke, ta tura ƙarƙashin katifa. Allona na karatu aka hura wuta da shi. Ban yi musu ba. Yaro ma ya san tsoro in ya gan shi a fuskar manya.

Ɗakuna biyar ɗin nan suka cika da waɗanda suka gudo daga Arewa. Abin da zai ba ku mamaki, yawancinsu sun fi ni iya Hausa. A Kano da Zariya da Jos aka haifi 'ya'yansu. Amma babu mai yinta. Gida cike da masu jin Hausa, kowa ya kulle ta a ciki kamar abin kunya.

Yaran ba sa wasa da ni, ni ma ba na zuwa wurinsu. Ina tsoron kada garin wasa bakina ya suɓuce. Sai na koma bayan madafa, inda ake shanya, in zauna in riƙa yi wa kaina hira a hankali. In tambayi kaina da muryar Baba, in amsa da tawa. Yelwa, mene ne wannan? Tozo ne, Baba. Yelwa, kin yi salla? Na yi, Baba. Ƙarya nake, ban yi ba, babu inda zan yi.

Wata rana ina cikin haka sai na ga inuwa a kaina. Madam Uloma ce, matar da ta karɓi ɗakin da ke kusa da namu. A Sabon Garin Kano aka kashe mijinta da babban ɗanta. Ba ta dariya, ba ta gaisuwa, kullum baƙin zani. Ta tsaya da bokitin wanki a hannu tana kallona. Na san ta ji komai. Fitsari ya kusa kuɓuce mini.

Ta ajiye bokitin, ta sunkuyo, ta ce da Hausa tsantsa irin ta Kanawa, "'Yar wa ce ke?"

Na ce da Ibo ban gane ba.

"Kada ki raina mini hankali. 'Yar mahaucin da ya tashi daga ɗakin nan ce ke, ko ba haka ba?"

Na fara kuka.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Share hawayenki. In za ki yi, ki yi a zuci. Bango yana da kunne, 'yar nan." Ta ɗauki bokitinta ta yi shanyarta. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba ta sake yi mini magana da Hausa ba, ko da wani harshe ma. Amma ku yarda da ni, na yi wata guda ina maimaita kalmomin nan nata. Su ne Hausar ƙarshe da wani ya yi mini har shekara biyar da wani abu.

Wata ukun Baba suka wuce. Aka shiga yaƙi sosai. Shekara na zagayowa sojojin tarayya suka doshi Inugu, muka gudu ƙauyen su Mama a ƙafa, katifa a kaina, tukunya a nata. Daga can ma aka sake korar mu zuwa kudu, muka zauna a wata makarantar firamare tare da ɗaruruwan mutane. Ba zan ba ku labarin yunwa dalla-dalla ba. Gashina ya yi ja, ƙafafuna suka kumbura, muka ci ganyen rogo da ƙadangare. Ya isa.

A nan Kawu Ejike ya zo da labari cewa an tare jirgin da su Baba suka shiga, babu wanda ya tsira. Mama ta yi kwana biyu ba ta magana. Ni ban yi kuka ba, don ban yarda ba. Baba ya ce zai dawo.

Akwai wani mutum, Mazi Okwudili, mai kula da sito inda ake raba garin masara da busasshen kifi. Matarsa ta mutu a harin jirgin sama. Ya fara aiko mana da gwangwanin madara. Bayan wata huɗu Mama ta kira ni bayan aji ta ce, "Zan aure shi."

Na ce, "Baba fa?"

"Babanki ya mutu. Ke kuma kina mutuwa a gabana. Dubi ƙafarki."

Na dubi ƙafata.

Kada ku zata mugu ne, don na san halinku, kun fara tsine masa. Mazi Okwudili bai taɓa duka na ba, bai taɓa hana ni abinci ba. Madararsa ce ta tashe ni. Shi ya mayar da ni makaranta bayan yaƙi. Abu ɗaya ne, in ya shigo ɗaki idonsa yakan wuce ta kaina kamar yadda ido ke wuce kujera. Da Mama ta haifa masa 'ya mace, Chika, sai gidan ya zama na mutum uku da wata mai taya aiki da ake yi wa kirki. Su ci a faranti ɗaya a falo, ni in ci nawa a madafa. Ba wanda ya ce in yi haka. Ba wanda kuma ya ce in daina.

Da aka gama yaƙi muka koma Coal Camp, wani gidan daban, ciki da falo, da labule mai furanni da rediyo a kan kabad. Mazi ya sami aikin akawu. Mama ta koma coci, ta koma Ukamaka. Wani lokaci in ina wanke-wanke sai in ji tana rera waƙar da take yi wa Idrisu in zai yi barci, da ta ga na juyo sai ta yi tari ta daina. Ba mu taɓa ambaton sunansa ba, ni da ita. Kowa da nasa ramin.

Sannu a hankali 'yan Arewa suka fara dawowa. Masu shanu suka fara, sai mahauta, sai masu yankan farce da masu ɗinkin takalmi. Kullum aka aike ni Ogbete sai na bi ta layin nama, ko da gishiri aka ce in sayo. In tsaya kamar mai duba kaya, ina shan hirarsu. Fuska ɗaya nake nema, ban gan ta ba. Sau da yawa na buɗe baki zan ce sannu da aiki, sai harshen ya yi mini nauyi. Na gwada ƙirga a zuci, na tarar na manta abin da ke bayan sittin.

To, ga Malam Ya'u.

Ranar wata Asabar ce, farkon damina. Mama ta aike ni sayen nama don Mazi zai yi baƙi. Ina sanye da siket ɗin atamfa ruwan goro da farar riga, kaina babu ɗankwali, an yi mini kitson zare. Na tsaya a teburin wani saurayi dogo, baƙi, mai wushirya, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya yi mini Turancin kasuwa, na amsa masa. Ya yanko wani wuri duk jijiya ya ɗora a sikeli. Ya juya ya ce wa na kusa da shi da Hausa, "Wannan ba ta san nama ba, bari in sallame ta da wannan."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Jijiya ce wannan. Tozo nake so, ga shi can ka ɓoye a ƙarƙashin takarda."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Na kusa da shi ya ce, "La ilaha illallahu." Ni kuwa da na ji muryata a waje, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, sai hawaye. Na tsaya a gaban teburin nama ina kuka kamar wadda aka mara.

Ya ce, "Malama, yi haƙuri, don Allah. Wallahi wasa nake. Ga tozon, ɗauki duka."

Na ce ba naman ba ne.

"To mene ne? 'Yar ina ce ke?"

"'Yar nan ce."

"A'a. Wannan bakin ba na nan ba ne. Wa ya koya miki tozo?"

Na ɗauki namana na gudu.

Amma na koma ranar Talata. Na koma Alhamis. Ya tanadar mini benci a bayan rumfa. Ya ce sunansa Ya'u, mutumin Gumel, yana yanka a nan, duk wata kuma yakan hau Arewa ya rako shanun maigidansa a jirgi. Hausata ta zama abin dariyarsa. In ce "na zo jiya gobe", ya riƙe ciki. Ya ce ina magana kamar 'yar shekara goma da ta yi barci ta farka da girma. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Ranar da ya fara kirana Yelwa sai da na waiga in ga da wa yake.

Bayan wata biyu ya ce zai zo gida. Na ce kada ya zo. Ya ce shi ba ɗan bayan rumfa ba ne.

Ya zo ranar Lahadi da yamma, cikin farar shadda da hula zanna, yana ƙamshin turare, da ƙunshin goro da cinyar rago. Duk gidan hayar suka leƙo. Mazi ya karɓe shi a falo, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa lemo, suka yi hirar tsadar shanu. Da ya tafi Mazi ya ce wa Mama, "Ba 'yata ba ce, ba zan ce e ko a'a ba. Ki kira yayanki."

Kawu Ejike ya iso kwana uku bayan haka, ko ruwa bai sha ba ya fara.

"Mun ɓoye ki shekara uku, mun ba ki suna, mun ba ki uba. Yanzu ki kawo mana su har cikin falo? Uwarki ta gwada, me ta samu?"

Na ce, "Ni ta samu, Kawu."

Ya ɗaga hannu, Mama ta riƙe. Ya ce akwai wani malamin makaranta a ƙauye da ke tambaya ta, mutumin kirki, in ina da hankali in duba. Ya ce ba zai tilasta mini ba, amma in na bi mahauci kada in sake taka ƙofarsa. Mama ba ta ce uffan ba. Shirun nata ya fi ihun Kawu damuna.

Na gaya wa Ya'u yadda aka yi. Ya goge wuƙarsa. Ya ce, "Ai dama ba wurinsu zan nemi aurenki ba. Ko mahaifinki ya rasu, yana da dangi. Kin ce Nguru? Malam Kallamu mahauci? Jibi zan hau. Daga Gumel zan ƙarasa."

Sati uku ya yi. Ranar da ya dawo bai tsaya a rumfa ba, ya tare ni a hanyar makaranta, ƙurar tafiya ma bai wanke ba.

"Yelwa, zauna."

"A kan titi?"

"To tsaya da kyau. Babanki yana da rai. Na ci abinci da shi. Ƙaninki ya kai ni kafaɗa."

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na ce, "To me ya hana shi dawowa?" Abin da ya fara fitowa ke nan, Allah ya yafe mini.

Ya zaro takarda daga aljihu. Idrisu ne ya rubuta da boko, Baba yana faɗa. Ga abin da ke ciki, na haddace:

"Zuwa ga 'yata Ruƙayyatu. Bayan gaisuwa. Yaron nan ya zo mini da maganar da ta hana ni cin abinci. Da aka buɗe hanya na aiko takarda uku ta hannun masu shanu zuwa ƙauyen mahaifiyarki. Amsa ɗaya ta zo, da Turanci, cewa ke da ita kun rasu a yunwa. Na yi muku sadaka, ina yi muku addu'a kowace asuba. In ke ce da gaske, ki gafarce ni. Na ce wata uku. Zan taho da jirgin Alhamis ta sama, ni da Idrisu."

Na ninke takardar. Na ce, "Ka gaya masa Mama tana nan?"

"Na gaya masa."

"Ka gaya masa ta yi aure?"

Ya sunkuyar da kai. "Yelwa, mutumin nan bai sake aure ba. Ƙanwarsa Kulu ce ta riƙe Idrisu. Da na ce tana da rai sai ya yi sujada a tsakar gida. Bakina ya kasa."

Na tarar da Mama a madafa tana gyaran ganye, Chika tana wasa da murfin tukunya. Na karanta mata takardar, ina juya mata da Ibo. Hannunta bai daina tsinkar ganyen ba har na gama.

Na ce, "Wa ya rubuta masa mun mutu?"

"Kawunki."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Chika tana wata biyar."

Wato shekara biyu. Shekara biyu ina zagaya layin nama ina leƙen fuskokin mutane, ita kuwa ta sani.

Na ce, "Mama, me na yi miki?"

Sai a lokacin ta ajiye ganyen. Ta ce, "Lokacin da na yi aure, na rantse miki da duk abin da kike so, na ɗauka ya mutu. Da takardarsa ta zo, ga ni da miji, ga jaririya a hannu. In ce masa me? Kuma na san abin da zai biyo baya. Zai zo ya ce 'yarsa. Ya tafi da Idrisu, ban sake ganinsa ba. Ke kaɗai kika rage mini daga wancan ɗakin. Ejike ya ce a rubuta haka kowa ya huta, na ce to."

"Kin riƙe ni, amma a madafa nake cin abinci."

Ban taɓa faɗa ba, ita ma ina jin ba ta taɓa lura ba. Tukunya tana ta tafasa. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, da wata Hausa da ta yi tsatsa, "Idrisu... ya yi girma?"

Na ce an ce ya yi.

"Yana jin Ibo har yanzu?"

Na ce ban sani ba.

Mama ta gaya wa Mazi da kanta. Ya daɗe yana kallon rediyo, sannan ya ce ta je ta ga ɗanta, shi ba zai hana ba, amma ta tuna tana da gida.

Ranar Alhamis na ɗaura atamfa shuɗiya, na yafa gyalen da Ya'u ya sayo mini a Kano. Sau uku yana zamewa kafin mu kai tasha. Mama ta biyo mu da Chika, amma da muka shiga ta tsaya a bayan wani ginshiƙi kusa da masu sayar da burodi. Ta ce in fara zuwa.

Jirgi ya iso bayan azahar. Mutane suka yi ta sauka da buhuna da kaji. Ya'u ya taɓa hannun rigata ya nuna. Wani dattijo ne siriri, gemunsa fari fat, yana riƙe da akwatin ƙarfe, bayansa wani yaro dogo mai idon Mama sak. Na yi ta tunanin zan ruga in rungume shi. Da na isa sai na durƙusa kawai na ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya ajiye akwatin. Ya kama fuskata da hannu biyu yana duba tabon ƙyandar da ke goshina. Ya ce, "Ita ce. Idrisu, yayarka ce. Alhamdu lillahi." Idrisu ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, yana kallon ƙasa.

Baba ya share ido da bakin riga, ya fara waige-waige.

"Ina Sa'a? Ba ta da lafiya ne? Na sa an gyara ɗaki, an yi sabon daɓe. Ga turmin atamfa biyu a akwati, naki da nata. Asabar za mu juya, mu huɗu."

Na dubi Ya'u. Ya'u ya dubi takalminsa.

Ban ga lokacin da Chika ta zame daga hannun Mama ba. Sai ji na yi an rungume ƙafata, tana jan zanina, tana cewa da Ibo in ɗauke ta. Na ɗauke ta, don ban san abin da zan yi ba in ba haka ba.

Baba ya yi murmushi, ya miƙa mata yatsa ta kama.

"Masha Allah. Wannan 'yar wa ce?"

Ta bayan kafaɗarsa ina hango Mama ta fito daga bayan ginshiƙin, hannunta a kan baki, idonta a kan Idrisu.

Na ce, "Ƙanwata ce, Baba."

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba. Ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya sake duban yarinyar. Sannan a hankali ya zare yatsansa daga hannunta, ya juya ya bi inda idona yake kallo.